Faransa a Gasar Olamfik ta Paris 2024

Faransa ce ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta bazara daga 26 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta 2024, karo na uku ke nan da birnin Paris ya ɗauki wannan nauyi, bayan na 1900 da na 1924. Tun kafin a fara, burin da hukumomin wasannin ƙasar da Shugaba Emmanuel Macron suka sa a gaba shi ne ta shiga sahun ƙasashe biyar na farko a teburin lambobi. Ta kuwa ƙare a ta biyar ɗin, da zinare 16, azurfa 26 da tagulla 22, jimilla 64.

Hasashe kafin gasa

An ba Paris gasar ne a birnin Lima a watan Satumba na 2017, don haka Faransa ta sami shekara bakwai ta shirya. A 2019 aka kafa hukumar wasanni ta ƙasa, aka danƙa sashen manyan 'yan wasa ga Claude Onesta, tsohon kocin ƙwallon hannu wanda ya ci wa Faransa zinaren Olamfik sau biyu. Sai dai abin da ya faru a Tokyo a 2021 ya sanyaya gwiwar mutane: lambobi 33 kacal, zinare 10, matsayi na takwas, alhali a Rio 2016 ta sami 42. Shiga biyar na farko na nufin sai ta ƙara zinarenta da kusan rabi a cikin shekara uku.

Abin da masu kyakkyawan zato suka dogara da shi shi ne tarihin masu masaukin baƙi. Sifaniya ta ci zinare ɗaya a 1988, ta ci 13 a Barcelona 1992. Birtaniya ta ci 29 a Landan 2012, Japan ta ci 27 a Tokyo ko da yake annobar korona ta hana 'yan kallo shiga. Dalilan sanannu ne. Mai gida yana samun gurbi a yawancin wasanni ba tare da ya bi ta wasannin share fage ba, gwamnati tana sakin kuɗi, 'yan wasa sun san filayen, ga ihun jama'a. Amma gida ba ya ci wa mutum lamba, domin Kanada ta shirya gasar Montreal a 1976 ta tashi ba zinare ko ɗaya. Faransa ma ta yi wa kanta asara tun daga zaɓen wasanni: ba a sa karate a jadawalin Paris ba, ga shi Steven Da Costa ya ci mata zinare a wannan wasa a Tokyo. A ɗaya ɓangaren, rashin tawagar Rasha saboda yaƙin Yukren ya buɗe gurabe a wasannin takobi da judo da sauransu.

Yadda ta kasance

Zinaren farko ya zo ne ranar 27 ga Yuli a ƙwallon zari-ruga na mutum bakwai-bakwai, inda Antoine Dupont da abokansa suka doke Fiji 28 da 7, ƙasar da ba a taɓa yin galaba a kanta ba a wannan wasa a Olamfik.

Wanda ya ɗauke gasar a kafaɗarsa kuwa shi ne Léon Marchand, ɗan ninkaya daga Toulouse mai shekara 22, wanda Bob Bowman, tsohon kocin shahararren ɗan ninkayar Amurka Michael Phelps, yake horarwa a Amurka. Zinare huɗu ya ci shi kaɗai, biyu daga ciki a dare ɗaya, 31 ga Yuli, a tseren mita 200 na salo biyu da ba a saba ganin mutum ɗaya ya haɗa su ba. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na zinaren ƙasar baki ɗaya daga hannun yaro ɗaya ya fito. Holan, wadda ta zo ta shida, zinare 15 gare ta, Birtaniya 14. Da Marchand ya yi tuntuɓe sau biyu da labarin ya sha bamban, don teburin da zinare ake fara lissafa shi, ba da yawan lambobi ba.

Judo ta kawo lambobi goma. Teddy Riner ya ci zinaren masu nauyi, washegari kuma a wasan ƙarshe na tawagar maza da mata da Japan aka yi kunnen doki uku da uku, aka jefa ƙuri'a don fitar da ajin da zai raba gardama, sai ta faɗa kan ajinsa, ya kayar da Tatsuru Saito. A tseren keken BMX na maza Faransawa uku ne suka kwashe zinare da azurfa da tagulla. Maza 'yan ƙwallon raga sun riƙe kambunsu bayan doke Polan, Kauli Vaast kuma ya ci zinaren hawan igiyar ruwa a Tahiti, tsibirin da aka haife shi, can tsakiyar tekun Fasifik inda aka kai wannan wasa.

Azurfa 26 ɗin nan su ne suka fi tsaya wa Faransawa a rai. 'Yan ƙwallon ƙafa ƙarƙashin Thierry Henry sun sha kashi a hannun Sifaniya 5 da 3 bayan ƙarin lokaci. A ƙwallon kwando maza da mata duk Amurka ce ta tare su a wasan ƙarshe, matan da maki ɗaya tak, 67 da 66. Mata 'yan ƙwallon hannu sun faɗi a hannun Norway.

Inda abin ya fi muni shi ne guje-guje da tsalle-tsalle, sashen da ya fi kowanne yawan lambobi. Duk cikar da filin Stade de France ya riƙa yi, lamba ɗaya Faransa ta tsira da ita, azurfar Cyréna Samba-Mayela a tseren mita 100 na tsallake shinge, ita ma sai ana gobe rufe gasa.

Amurka da Sin sun yi kai da kai da zinare 40 kowacce, Amurka ta hau gaba da yawan azurfa. Japan ta sami 20, Ostireliya 18. Zinare 16 na Faransa ya zarce 15 da ta ci a Atlanta 1996, jimillar 64 kuma rabon da ta ga irinta tun gasar 1900, lokacin da yawancin masu fafatawar Faransawa ne.