Furen okid ya yi yaushi a tukunya: ƙishi ne, ko ruwa ya yi yawa?

Ganyen ya yi yaushi, har ya fara tamoji. In ƙara masa ruwa?

Dakata tukuna, ka fara duba saiwa. Okid shukar ado ce mai fure, kuma wanda aka fi sayarwa a tukunya shi ne nau'in falenofsis, wanda asalinsa dazukan Kudu maso Gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a waje suna shan iska. Idan ruwan sama ya jiƙa su, nan da nan sukan bushe. Wata fata mai kamar soso ce ta lulluɓe saiwar, tana tsotse ruwa da sauri, amma in ta daɗe a jiƙe sai saiwar ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya kai ruwa ga ganye, shi ya sa ganyen ke yaushi alhali tukunyar a jiƙe take sharkaf. Mai shi ya ga haka ya ƙara tuttula ruwa. A ganina wannan tausayin ya fi mantuwa kashe okid.

To, yaya zan gane halin da saiwar take ciki?

Mai lafiya tana da tauri. In ta bushe launinta toka-toka ne, in ta sha ruwa sai ta koma kore. Wadda ta mutu takan yi ruwan ƙasa ko baƙi, ta yi laɓo-laɓo, in ka ja fatar sai ta saɓule ta bar wani siririn zare. Amfanin tukunyar roba garai-garai ke nan, ana ganin komai ba sai an tumɓuke shukar ba.

Na tarar yawanci sun ruɓe. Akwai sauran dabara?

Akwai, muddin tsakiyar da ganye ke fitowa ba ta ruɓe ba. Gasa bakin almakashi a wuta, ka bari ya huce, ka yanke duk matacciyar saiwa. Zubar da tsohon abin da ke cikin tukunyar, ka zuba sabon ɓawon itace da aka farfasa domin okid, ban da ƙasa. Zaɓi ƙaramar tukunya mai huji, don babba tana riƙe danshi. In akwai karan fure, ka cije ka yanke shi, saboda ƙarfin ya koma wajen fitar da saiwa. Taki ma a jinkirta sai an ga sabon toho, sannan a tsarma shi sosai. Farfaɗowar tana iya cin watanni.

Sau nawa ake ban ruwa?

Kusan sau ɗaya a mako, amma zafi da iska suna sauya lissafin, don haka launin saiwa za ka bi. Da safe ka kwarara ruwa har ya fita ta ƙasa, ka bari ya tsane sarai. Kada tukunyar ta zauna cikin ruwa. Wanda ya taru a tsakiyar ganye kuma a tsane shi da ƙyalle. Masu ɗora ƙanƙara a kan tukunyar a maimakon ban ruwa fa? Ni dai ba na yi wa shukar ƙasar zafi haka.

Ganyen ƙasa ya zama rawaya.

In guda ɗaya ne, tsufa ne, zai faɗi da kansa. Fari ko baƙin tabo a saman ganye kuwa sau da yawa ƙunar rana ce. Matsar da tukunyar kusa da tagar gabas, ko bayan labule mai shara-shara.