Gandun Dajin Yankari

Gandun Dajin Yankari yanki ne na daji da hukuma ta keɓe domin kare namun daji da itatuwa, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, arewa maso gabashin Nijeriya. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma yana cikin wurare ƙalilan da suka rage a Afirka ta Yamma inda giwa da zaki da ɓauna ke rayuwa a sake, ba a cikin keji ba. Baƙi suna zuwa ne domin kallon dabbobi, da wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, da takawa da ƙafa zuwa kogunan dutse da tuddai da kufan mutanen da. Babu gari ko gona a cikin gandun, amma ƙauyukan manoma da rugagen makiyaya sun kewaye shi ta kowace kusurwa, kuma zaman da ke tsakanin waɗannan mutane da dabbobin shi ne babban al'amarin da ke gaban masu kula da wurin.

Wuri da yanayin ƙasa

Matafiyin da ya taso daga birnin Bauchi yakan bi hanyar Gombe har zuwa Dindima, inda zai ratse kudu ya nufi ƙauyen Mainamaji, wurin da babbar ƙofar gandun take. Wanda ya fito daga Gombe kuwa ta Alkaleri zai biyo. Daga ƙofar akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda masaukan baƙi suke.

Ƙasar wurin tuddai ce marasa tsayi sosai, akasarinsu tsakanin mita 200 zuwa 400 daga saman teku, sai tudun Kariyo da ya kai mita 640. Dutsen da ke ƙarƙashinta dutsen yashi ne mai laushi wanda ke tsotse ruwan sama, abin da ya sa faɗin dajin ke bushewa ƙayau da rani, ruwan kuma ya ɓullo daga ƙasa a kwarin kogin Gaji. Wannan kogi da ya ratsa gandun shi ne ransa, domin ba ya ƙafewa, kuma fadamun da ke gefensa suna nan kore shar a lokacin da ciyawar tudu ta zama harawa. Ana samun ruwan sama na milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Satumba. Itatuwan tudu sun haɗa da kawo da taramniya da taura da marke, da dogayen ciyayi irin su gamba, yayin da bakin kogi ke da kurmi mai duhuwa.

Tarihi

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da shirin keɓe wurin a 1956, a shekara mai zuwa kuma aka shata shi a matsayin gandun daji na En'e ta Bauchi. An buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Daga nan ya koma hannun gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas, sannan jihar Bauchi bayan ƙirƙiro ta a 1976. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, ya zauna a haka har 2006 lokacin da aka mayar wa jihar Bauchi da shi. Tun daga 2014 ƙungiyar Wildlife Conservation Society, mai hedkwata a birnin New York na Amurka, ta shiga yarjejeniya da gwamnatin jihar domin taimakawa wajen sintiri da horar da masu gadin daji.

Tarihin wurin bai fara da hukuma ba. Dajin da yau ake gani kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba cike yake da sawun mutane. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin gangaren dutse, waɗanda aka sa wa sunan P. J. Marshall, mai binciken da ya bayyana su a 1980. A jikin bangonsu akwai zane-zane na layuka miƙaƙƙu da masu lanƙwasa, kuma ana kyautata zaton mafaka ce a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da ɗari, da aka haƙa a cikin dutse aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. Akwai kuma tsofaffin matoyan tama a Shau Shau da Ampara, inda maƙeran zamanin da suka narka ƙarfe, wasu daga matoyan har yanzu suna tsaye. Waɗannan kufai sun cancanci kulawa fiye da wadda suke samu, domin mafi yawan baƙi sukan tafi da labarin giwa da biri, su bar abin da kakanni suka gina da hannunsu.

Namun daji

An ƙididdige fiye da nau'i 50 na dabbobi masu shayarwa a Yankari, da fiye da nau'i 350 na tsuntsaye, waɗansu mazauna, waɗansu kuma baƙi masu zuwa daga Turai da Asiya a lokacin sanyin can. Daga manyan dabbobi akwai giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gada, mugun dawa da kura, sai dorina da kada a cikin kogi. Gwaggon biri ya fi kowace dabba sabawa da mutane, har yakan shiga tsakiyar sansanin Wikki yana neman abinci, shi da mugun dawa. Daga tsuntsaye akwai burtu, cilakowa, zabon daji, fakara, zalɓe, balbela, ungulu da carki mai bin bayan ɓauna yana cire mata kaska.

Giwayen Yankari su ne garke mafi shahara da ya rage a Nijeriya. A tsakiyar shekarun 2000 ana ƙiyasta sun haura 300, amma masu farautar haure suka rage su matuƙa a shekarun da suka biyo, har ƙiyasin baya-bayan nan ya tsaya tsakanin 100 zuwa 150. Kisan ya lafa sosai daga 2015 bayan an ƙarfafa sintiri. Zakoki kuwa 'yan kaɗan ne suka saura, kuma gandun nan da na Tafkin Kainji ne wuraren da aka sani zaki bai ƙare ba a duk faɗin ƙasar. Wasu dabbobin sun riga sun shuɗe daga wurin, ciki har da raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci. Mai son ganin raƙumin dawa a jihar Bauchi a yau sai ya nufi gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba dabbobin da ƙasar Namibiya ta bayar a 2006.

Maɓuɓɓugar Wikki

Wikki ita ce mafi girma daga maɓuɓɓugan ruwan ɗumi na gandun, sauran su ne Dimil da Gwan da Nawulgo. Ruwanta yana fitowa daga ƙarƙashin wani gangaren dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan a digiri 31 na ma'aunin Salshiyas dare da rana, rani da damina. Tana zuba kimanin lita miliyan 21 a kogin Gaji kowace rana. Da sunanta ake kiran sansanin baƙi, da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ta Bauchi. A sansanin akwai gidan adana kayan tarihi mai ɗauke da fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta.

Yawon ƙafa

Akasarin kallon dabbobi a Yankari a mota ake yin sa, da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, tare da ma'aikacin gandu mai rakiya. Tafiya da ƙafa ta fi yawa a kewayen sansani, da gangarawa zuwa Wikki, da wuraren da ake sauka daga mota a taka, kamar kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey da tudun Kalban, wanda samansa shimfiɗaɗɗe ne kuma daga can ake hango dajin har iyakar gani. Ba a yarda baƙo ya kutsa daji shi kaɗai ba, kuma wannan doka tana da hujja mai ƙarfi.

Duk da haka, wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa yakan ga abin da na cikin mota ba ya gani. Mai rakiyar da ya san aikinsa zai nuna masa sawun giwa a cikin rairayi, ya gane daga danshin kashinta ko ta wuce da asuba ne ko tun jiya, ya nuna reshen da ta karya da bawon itacen da ta sale, da gurbin da mugun dawa ya durƙusa ya tona saiwa. Kukan carki na iya zama alamar cewa ɓauna na kusa, haushin gwaggon biri daga kan itace kuma yakan nuna ya hangi abin tsoro. Wannan ilimi ne irin na maharba, wanda mutanen ƙauyukan yankin suka gada tun kaka da kakanni, kuma abin farin ciki ne idan aka juya shi ya zama hanyar kare dabbar da a da ake bi domin a kashe.

Ƙa'idojin tafiyar kaɗan ne amma ba a wasa da su. Ana tafiya a jere bayan mai rakiya, a rage surutu, a lura da inda iska ke kaɗawa, domin giwa ba ta gani sosai amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure. Ba a matsar giwa mai ɗa, ba a shiga tsakanin dorina da ruwa, ba a kuma raina ɓaunar da ta ware daga garke. Ba a ba biri abinci, domin wanda ya saba karɓa daga hannu shi ne gobe zai fizge da ƙarfi. Ana bukatar takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji, da isasshen ruwan sha, da tufafi masu launin ƙasa, tun da baƙin kaya da shuɗi suna jawo ƙudan tsando, wanda ke da yawa a kurmin bakin kogi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Hunturu ya fi daɗin tafiya saboda sanyi, ko da yake hazo na rage nisan gani. Da bazara zafi yakan tsananta, amma a lokacin ne dabbobi ke taruwa a kwarin Gaji domin babu ruwa a wani wuri. Da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, hanyoyi su lalace, dabbobi kuma su bazu.

Gonaki da makiyaya a bakin gandu

A wasu ƙasashe akan ajiye gona a cikin keɓaɓɓen daji da gangan. Misali, a gandun Rancho San Antonio na jihar Kalifoniya ta Amurka, masu yawon ƙafa sukan bi ta gonar Deer Hollow, wadda ake kiwon awaki da tumaki da kaji a cikinta domin yaran birni su ga yadda ake noma da kiwo. A Yankari lamarin ya bambanta ƙwarai, domin gonakin da ke bakin gandun ba na nuni ba ne. Su ne abincin shekara na iyalai a gundumomin Duguri da Pali da Gwana, masu noman dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, da shinkafa a fadamu.

Gandun ba shi da shinge, giwa kuma ba ta san iyakar da aka shata a takarda ba. Idan amfanin gona ya nuna da kaka, garke yakan fito da dare, kuma cikin 'yan sa'o'i yana iya cinyewa da tattake abin da magidanci ya yi wata huɗu yana wahala a kai. Manomin da ya wayi gari ya tarar da haka ba za a ga laifinsa ba idan ya ji zafin a ce masa giwa dukiyar ƙasa ce, alhali rumbunsa ne zai zauna wayam. Domin rage wannan ɓarna aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyuka a matsayin masu tsaron giwa, waɗanda aikinsu shi ne sanar da ma'aikata da manoma da zarar garke ya doshi gona, a kora shi da ƙara da haske kafin ya yi ta'adi. Akwai kuma dabarar jera amya a gefen gona, wadda aka fara gwadawa a Kenya bayan an lura giwa tana gudun ƙudan zuma.

Matsalar makiyaya ta wata fuska ce. Yayin da noma ya cinye burtali da makiyaya a kewayen gandun, ciyawa da ruwan Gaji sukan ja masu shanu su shiga ciki da rani, duk da cewa doka ta hana. Shanu suna gasa da gwanki da ɓauna a kan ciyawa ɗaya, kuma cuta tana ratsawa tsakaninsu: annobar bushiya da ta auka wa shanun Nijeriya a 1983 ta kashe namun daji a Yankari, ɓauna a kan gaba, kafin a kawar da cutar daga duniya baki ɗaya a 2011. Idan zaki ya kama saniya kuma, wani lokaci akan zuba guba a mushen domin ramuwa, gubar ta kashe zakin, ta kashe kura da ungulun da suka zo bayansa. Su ma shanun ba sa tsira, domin ƙudan tsando na kurmin Gaji yana sa musu sammore. Masu gadin daji da ke sintiri na kwanaki a ƙafa su ne ke fuskantar duk wannan, tare da mafarauta masu ɗauke da bindiga, kuma wasu daga cikinsu sun rasa rayukansu a bakin aiki.