Abin da doka ta tanadar wa mai son aiki da intanet daga ƙauye

Ɗan wana yana zaune tare da mu a Agege, kuma aikinsa gaba ɗaya a kwamfuta yake. Yana yi wa wani kamfani lissafi, bai taɓa taka ofishinsu ba. Da babbar sallah ya tafi gida da niyyar yin wata guda, kwana biyar sai ga shi ya dawo. Wai sai ya hau tudun bayan makarantar firamare, ya ɗaga waya sama, kafin saƙo ɗaya ya fita. Ya ce da ni, "Baffa, da akwai sabis a garinmu, me zai zaunar da ni a Ikko ina biyan hayar ɗaki ɗaya?" Maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigin abin da gwamnati ta ɗora wa kanta a kan wannan batu.

Tushen abin yana cikin Dokar Sadarwa ta 2003, wadda NCC, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa, ke aiki a ƙarƙashinta. Masu dokar sun san kamfani ba zai kafa turken sabis a inda ba zai mayar da kuɗinsa ba, sai suka tanadi asusu na musamman mai suna USPF. Kamfanonin waya suna biyan NCC haraji duk shekara, ana yankar wani kaso a zuba a asusun, da shi ake tallafa wa kai sabis yankunan da babu ko kaɗan, da waɗanda ke da shi amma bai taka kara ya karya ba. Wato a cikin katin da mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas yake sakawa, akwai ɗan abin da doka ta ce na ƙauyensu ne. Haƙƙi ne, ba alfarma ba.

A watan Maris na 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ƙaddamar da tsarin intanet mai sauri na shekara biyar, 2020 zuwa 2025. An yi alƙawarin sabis ɗin zai mamaye inda kashi 90 cikin ɗari na jama'a ke zaune, kashi 70 su riƙa amfani da shi, saurinsa ya kai megabit 25 a birni, 10 a karkara, giga ɗaya kuma kada ta wuce naira 390. Wa'adi ya cika wajen rabin jama'a ne kawai ke amfani da shi, kuma a Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50.

Me ya hana? A ganina babban ƙullin yana ƙarƙashin ƙasa. Manyan wayoyin intanet da ke zuwa ta cikin teku, irin su MainOne da Glo-1 da Equiano na Google, a nan gaɓar Legas suke sauka. Daga nan sai an haƙa rami an binne wayar fayiba tsawon ɗaruruwan kilomita kafin ta isa Arewa, kuma kowace jiha tana karɓar kuɗin izinin haƙa a gefen hanyoyinta. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan kowace mita, gwamnoni suka sake amincewa a 2020. Amma yarjejeniya ce, ba dokar da za ta tilasta wa gwamna ba. Mu yi lissafi: garin da ke da nisan kilomita 50 daga babbar waya, a kan naira 145 kuɗin izini naira miliyan 7 da dubu 250 ne. A kan naira 4,500, wadda Ekiti ke karɓa kafin ta rage a 2020, zai kai miliyan 225, tun ba a sayi waya ba, ba a biya masu haƙa ba. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba wannan don ƙauye? Kaduna da Anambra yafe kuɗin suka yi ɗungurungum. Saboda haka in sabis bai je garinku ba, kafin a ɗora wa Abuja laifi a fara tambayar nawa gwamnan jiha yake karɓa a mita.

Gwamnati mai ci, ta hannun minista Bosun Tijani, ta amince a 2024 da shimfiɗa ƙarin fayiba kilomita 90,000 a kan kusan 35,000 da ake da su, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 2, tare da 'yan kasuwa. A shekarar ce kuma aka sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wanda ya lalata su da gangan zai iya shan ɗaurin shekara 10 a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Masu kwance batirin turke da masu yanke waya su ji da kyau.

Batun zauren aiki kuwa, irin waɗanda ke unguwar Yaba a Legas inda matashi zai biya kuɗin kujera ya sami wuta da intanet, babu sashen doka da ya wajabta gina shi a kowace ƙaramar hukuma. Abin da ake da shi shirye-shirye ne: cibiyoyin kwamfuta da USPF da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, ke kafawa a makarantu da garuruwa, da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 da aka fara a 2023. Na taɓa leƙa wata cibiya irin wannan a gida. Kwamfutoci jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani, batirin sola ya mutu, babu wanda aka ɗora wa nauyin sayen data. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yaran unguwar suna nan zaune a bakin ƙofar.

Nan ne nake ganin ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke Agege da Idi-Araba da Alaba Rago suke da rawar takawa. Yadda muke haɗa kuɗin rijiyar burtsatse da rufin masallaci, za mu iya ɗaukar nauyin batir da data da albashin yaro ɗaya mai kula da cibiyar da gwamnati ta riga ta gina. Za mu iya rubuta wa ɗan majalisar jiha a kan kuɗin izinin haƙa, mu rubuta wa USPF da sunan garin da adadin jama'arsa da nisansa daga turke mafi kusa. Wanda kuma ya kai ƙarar rashin sabis wurin kamfaninsa aka yi biris da shi, NCC tana da layin kyauta, 622, sai dai ya riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi kafin ya kira.