Horar da Shugaban Makaranta: Me Ake Koya, Wa Ke Biya, Me Ya Sa Wata Bitar Ba Ta Isa Aji?

A yawancin makarantun gwamnati na arewacin Najeriya, zama hedimasta ba ya buƙatar wani kwas na musamman. Takarda ce ke fitowa daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda ya sauka ya miƙa makullai da rajista da hatimi, washegari sabon shugaba ya tsaya gaban asambuli. Sauran sai dai a koya a kan aiki. Ga tambayoyin da sababbin shugabanni da mataimakansu suka fi yi.

Malamin da ya shekara ashirin yana riƙe da alli, me kuma za a koya masa?

Sana'a ce daban. Gwanin aji da yara ya saba; hedimasta kuwa manya yake ja, wasu sun girme shi, wasu rana ɗaya aka ɗauke su aiki, wasu kuma suna da uwa a gindin murhu. Shi kansa naɗin, galibi matakin albashi da daɗewa a aiki ake dubawa.

Aikin ya kasu huɗu: sa ido kan koyarwa, rabon darussa da tsara jadawali, riƙon kuɗi da takardu, sai hulɗa da iyaye da masu gari. Uku na ƙarshe suna da masu bibiya. Ofis zai aiko neman ƙidayar ɗalibai, malamai za su yi ƙorafin jadawali, iyaye za su zo har ƙofa. Na farkon ne babu mai tambayarsa, shi ya sa shi ke fara mutuwa, alhali shi ne ke taɓa karatun yara kai tsaye. Duk horon shugabanci da bai sa hedimasta ya tashi daga kujera ya shiga aji ba, ya bar jaki ya doki taiki.

Wace hukuma ce ke da alhakin wannan horo?

Ba guda ba ce. A matakin firamare da ƙaramar sakandare, kuɗin yana fitowa ne daga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 10 cikin 100 na wannan kuɗi na horar da malamai ne. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta kowace jiha, wato SUBEB, ita ke tsara wanda za a horar da abin da za a koyar, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kuma ya tura sunaye. Babbar sakandare tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha ko hukumar kula da sakandare.

Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, tana ba da karatu daga nesa, har da difilomar koyarwa ga mai digirin da ba na koyarwa ba. Akwai kuma cibiyar horarwa ta NIEPA a garin Ondo, wadda aka kafa a 1992 musamman don masu tsara harkar ilimi da shugabannin makarantu. Majalisar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, da dokar 1993 ta kafa, ita ke yi wa malami rajista a rukuni huɗu: D ga mai NCE, C ga mai digiri na farko, B ga mai digiri na biyu, A ga mai digirin digirgir, kuma lasisinta sabunta shi ake yi, tana kuma buƙatar malami ya ci gaba da ƙaro sani. Ƙungiyoyin shugabanni, ANCOPSS ta firinsifal da AOPSHON ta hedimastoci, su ma suna shirya taruka.

To me ya sa ake yawan zuwa bita amma makaranta tana nan yadda take?

Dalili na farko shi ne tsarin miƙa-miƙa. A horar da 'yan kaɗan a Abuja na kwana goma, su horar da na jiha cikin kwana biyar, su kuma su horar da na ƙananan hukumomi cikin kwana uku, hedimasta ya dawo ya taƙaita wa malamansa a minti arba'in. A kowane mataki, gwaji da hannu ne ake fara yarwa don shi ke cin lokaci, sai a bar lacca. Kafin abin ya isa aji ya zama kanun magana.

Na biyu, zaɓen mahalarta. Inda ake ba da kuɗin mota da na zama, sunaye kan fito bisa sanayya, har a tura wanda saura masa wata shida ya yi ritaya, ko wanda ba shi da aji. Na uku, canjin wurin aiki: a horar da mutum a watan Agusta, a watan Oktoba a mayar da shi wata makaranta, sabon da ya zo bai san komai a kai ba. Na huɗu, darasin ba ya dacewa da ɗakin. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Mai horarwa ya nuna aikin rukuni da mutum talatin a ɗakin taro mai fanka, malamin kuwa yara ɗari da wani abu ne ke jiransa a ƙasa.

Amma babban cikas shi ne rashin wanda zai biyo baya. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa daga 2008 zuwa 2017 a Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Enugu da Legas, a nan ya sa ƙarfinsa: horo gajere na 'yan kwanaki, a koma makaranta a gwada, jami'in tallafa wa makarantu na ƙaramar hukuma ya zo ya gani, sannan a sake haɗuwa. Jami'in ba sufeto ba ne mai neman laifi. Aikinsa ya zauna a aji tare da hedimasta su kalli darasi. Inda wannan ziyara ta tsaya saboda babu kuɗin man babur, horon kan tsaya tare da ita.

Yaya hedimasta zai shiga aji ya duba darasi ba tare da malami ya ji an zo tozarta shi ba?

Wannan ne ginshiƙin aikin, kuma koyonsa ake yi.

A fara da lissafi. Makaranta mai malamai 12, idan ana duba darasi biyu a mako, cikin makonni goma na ainihin koyarwa a zango an samu ziyara 20, wato kusan sau biyu ga kowane malami. A rubuta ranakun a manna a ofis, kowa ya ga sunansa, har da na mataimakin shugaba. Da zarar an fara da wanda ake takun saƙa da shi, an ɓata tsarin.

Kafin ranar, a tambayi malamin abin da yake so yara su iya a ƙarshen darasin. A shiga kafin a fara, a zauna a baya, a kai har ƙarshe. Minti 35 ko 40 ne kawai. Kada a sa baki ko da ya yi kuskure a allo. Gyara malami a gaban ɗalibansa ɓarna ce da zango guda ba ya gyara ta.

Abin da za a rubuta shi ne abin da ido ya gani, ba hukunci ba. Ƙarfe nawa aka fara? Yara nawa ke zaune, rajista kuma nawa ta ce? Duk bayan minti biyar a ɗaga kai a rubuta abin da akasarin yara ke yi: sauraro, maimaitawa da baki ɗaya, kwafa daga allo, ko aiki da kansu. Su wa aka tambaya, na gaba ko na baya, maza ko mata? Kafin a fita a karɓi littattafan rubutu biyar daga layin baya, a duba yaushe rabon da a yi musu maki. Amsa da baki ɗaya tana yaudara sosai: aji zai ɗauki amo, amma yara goma ne ke ja, sauran suna bin sauti.

A zauna da malamin a ranar, minti goma zuwa goma sha biyar, inda ɗalibai ba sa ji. Idan malama ce kuma shugaban namiji, a bar ƙofa a buɗe ko a kira mataimakiya. A bar shi ya fara faɗin yadda ya ga darasinsa. Sai a ambaci abu biyu da suka yi kyau, da hujja. Sannan abu ɗaya tak da za a gyara, kuma a kawo shi da sigar tambaya: "Malam, na lura duk wanda ya amsa daga layi biyu na gaba yake. Ya kake ganin za a yi na baya su shigo?" A tsayar da ranar dawowa cikin mako biyu, don a duba wannan abu ɗayan.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Jero laifi goma, wanda ba ya sa a gyara ko ɗaya. Haɗa takardar duba darasi da fom ɗin tantance aiki na shekara ko takardar tuhuma. Daga ranar malamai za su riƙa shirya darasin nuni da aka riga aka yi wa yara bitarsa. Sai rashin dawowa, wanda ke nuna wa malamin cewa cika takarda kawai aka zo yi. Rashin zuwa aiki da makara kuwa hanyarsu daban, littafin sa hannu ne da doka, kada a cakuɗa su da wannan.

Idan hedimasta bai san darasin ba fa, misali shi na Hausa ne, ana koyar da lissafi?

Ba ya hana. Ko yara sun yi aiki da hannunsu, ko an duba fahimtarsu, duk ana gani ba sai an san darasin ba. Ingancin abin da aka koyar kuma sai a tafi da malamin da ya fi ƙwarewa a fannin.

Mene ne amfanin malamai jagorori, kuma yaya ake zaɓensu?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, musamman a makarantar da ke da ɗalibai dubu biyu da zaman safe da na rana. Jagora shi ne malamin da yana nan da ajinsa, amma an ɗora masa kula da 'yan'uwansa huɗu zuwa shida: shugaban sashe a sakandare, ko mai kula da aji ɗaya zuwa uku a firamare. A zaɓe shi da abu uku: yaran ajinsa suna iya karatu, ba ya fashi, kuma malamai na jin maganarsa. Shekaru kaɗai ba sa isa, sai dai a sanar da dattawan makaranta kafin a bayyana, don gudun ɓacin rai. A rage masa darasi uku ko huɗu a mako, a sa lokacin a cikin jadawali. Muƙamin da babu lokaci a cikinsa suna ne kawai.

Yaya ake gudanar da taron ƙara wa juna sani a cikin makaranta?

Sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, bayan an tashi yara. Ranar Juma'a ba ta yi, hankali na kan masallaci. Kada a haɗa shi da taron ma'aikata, domin maganar albashi da adashi za ta cinye lokacin.

Batu ɗaya ake ɗauka, daga abin da aka gani a aji. Minti goma na farko kowa ya faɗi abin da ya gwada tun zaman baya. Minti ashirin wani ya koyar a aikace, sauran su zama ɗalibai. Rabin awa a zauna bibbiyu a tsara darasin da za a koyar da dabarar a makon. Kowa ya rubuta aji da ranar da zai gwada.

Makarantar da ta saba da wannan tana iya matsawa zuwa nazarin darasi irin na Japan: a tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su zuba ido kan yara ba kan malamin ba, a tattauna, a gyara, wani ya sake koyar da shi a wani aji. Shirin SMASE na lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 a Kaduna, Neja da Filato da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya yaɗa tunani mai kama da haka: tsara, aiwatar, duba, inganta.

Ɓangaren kuɗi da takardu fa?

Abin da ya fi jefa sabon shugaba cikin matsala shi ne kuɗin da aka kashe da kyakkyawar niyya babu rasit. Duk abin da ya shigo a rubuta shi a littafin kuɗi a ranar, cirewa daga asusu da sa hannun mutum biyu aƙalla, a manna taƙaitaccen lissafi inda iyaye za su gani. Tsarin raya makaranta da ake yi da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, kada ya wuce buƙatu uku ko huɗu a shekara, kowace da mai alhaki, kuɗi da wa'adi, kuma aƙalla ɗaya ta shafi karatu, ba duka rufin kwano da katanga ba.

Da me za a gane horon ya yi amfani?

Ba da yawan satifiket ba. A farkon zango a ɗauki yara goma daga aji uku, ta hanyar ƙirga kowane na biyar ko na goma a rajista, don kada malami ya zaɓo gwanayensa. A gwada kowane shi kaɗai da Hausa: yana gane harufa, yana karanta kalma, gajeren sakin layi, ko labari? Irin wannan rabon matakai aka yi amfani da shi a shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a Dawakin Tofa da Wudil da ke jihar Kano. A ƙarshen zango a sake gwada yaran nan goma da wani rubutun mai nauyi iri ɗaya, a ga nawa suka hau mataki.

Makarantar ƙauye mai malamai uku, wa zai horar da wa?

A nan hedimasta shi ma yana da aji cur, don haka sai a haɗa kai da makwabta. Makarantu huɗu ko biyar da babur ke kaiwa cikin rabin awa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ana zagaya masaukin, mai masauki ya koyar da darasi da yaransa na gaske. A sanar da sakataren ilimi a rubuce, don kada a ɗauki ranar a matsayin fashi. Duba darasi kuma a yi musaya: hedimasta ya ba ajinsa aikin rubutu na rabin awa ya leƙa na kusa, mako mai zuwa shi ma a leƙo nasa. Da damina, inda hanya ke yankewa, a tura haɗuwar zuwa bayan kaka, a riƙa aika hoton tsarin darasi da muryar bayani ta WhatsApp kafin lokacin.