Ruwan Agusta da Masu Ginin Laka a Sakkwato

Jama'a, kada ƙarancin ruwan samanmu ya ruɗe mu. Abin da Sakkwato ke samu a shekara bai kai rabin na garuruwan bakin teku irin su Legas ba, amma namu a cikin wata huɗu yake zubowa, Yuni zuwa Satumba, kuma a Agusta ya fi ƙarfi. Ƙasa ta riga ta ƙoshi, sai wani hadarin ya sake saukowa, ruwan ya rasa wurin shiga.

Mutanen Goronyo, Wurno, Kware, Wamakko da Silame, ku gulbin Rima za ku riƙa dubawa. Yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba, domin ruwan daga gabas yake gangarowa, ko kuma an buɗe ƙofofin madatsar Goronyo. A Satumban 2010 haka ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, ya yanke gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ku kafa sanda a bakin gulbi, ku yi mata alamu, a duba ta safe da yamma. In ruwa na hawa, ko an ji gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) ko na hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) a rediyo, a kwashe tsofaffi, yara, hatsi da dabbobi zuwa tudu tun da rana.

Katangar laka ita ce ta fi damun mu, domin da dare take faɗuwa kan masu barci. Daga gindi take mutuwa: ruwan indararo yana zuba a tushenta, ko ya kwanta a tsakar gida, lakar ta jiƙe ta kasa ɗaukar nauyin azara da rufi. A ƙara wa indararo tsawo, a cika gindin bango da ƙasa ta yi gangare zuwa waje, a share rariya. In kun ga tsaga tana buɗewa, danshi ya hau bango, ko ƙofa ta fara cijewa, kada kowa ya kwana a ɗakin nan, ko da za a takura a gidan maƙwabci.

Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu, kamar santimita 15, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ɗan kabukabu, in ruwa ya rufe kwalbati, ka jira.

Tsawa kuwa, in ka ga walƙiya ka ji ƙarar kafin daƙiƙa 30, tana kusa. Manomi da makiyayi su bar gindin itace, su ajiye fartanya, su shiga gini, su jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Bayan ruwa ya janye sai amai da gudawa, saboda masai ya tumbatsa ya haɗu da rijiya. A tafasa ruwan sha. Wanda ya fara zawo a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ya riƙa kurɓa ana kan hanyar asibiti. In zawon ya yi kama da ruwan shinkafa, kada a jira gari ya waye.