Ma'anar "tubabbe" da labarin mawaƙi Yusuf Islam

Idan Bahaushe ya ce wane tubabbe ne, yana nufin ba a cikin Musulunci aka haife shi ba, da girmansa ya yi kalmar shahada. Kalmar daga "tuba" ta fito, ita kuma daga Larabci, wato komawa ga Allah. Ma'anarta mai kyau ce, bakin mutane ne ya ɓata ta. Sau da yawa da yatsina fuska ake faɗinta, kamar mutum baƙo ne da har yanzu yake tsaye a zaure. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na fi son a ce "ya musulunta".

Dubi Cat Stevens, wanda daga baya ya zama Yusuf Islam, mawaƙin kiɗan Turawa na rok haifaffen Landan a 1948, wanda faya-fayansa suka yi kasuwa ta miliyoyi a farkon shekarun 1970. Wata rana yana iyo a tekun Malibu a Amurka, ruwa ya ja shi ciki. Ya ce da ya ga mutuwa muraran sai ya roƙi Allah, idan Ya tsirar da shi zai yi Masa aiki. Sai ga igiyar ruwa ta turo shi gaɓa. Bayan nan yayansa ya kawo masa tsarabar fassarar Alƙur'ani daga Ƙudus. A Disamban 1977 ya musulunta a babban masallacin Landan, a 1978 ya zaɓi sunan Yusuf, don ƙissar Annabi Yusuf ta ratsa shi.

A 1979 ya yi gwanjon jitocinsa ya ba da kuɗin sadaka, a 1983 kuma ya buɗe makarantar firamare ta Islamia a Landan. Sama da shekara ashirin bai taɓa jita ba.

Da ya dawo da sabon faifai a 2006, sai wasu suka ce ai dama tubabbe ne, ya koma ruwa. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kowa da hujjarsa, kuma mawaƙanmu da aka haifa Musulmi ba a tuhumar imaninsu a kan haka. Shi ko, bayan kusan shekara talatin yana sallah, da wannan kalma aka auna shi.

A 2023, yana da shekara 74, ya hau dandalin Glastonbury, babban bikin kiɗa na Ingila, da farin gemunsa da jitarsa, yana amsa sunayensa biyu, Yusuf da Cat Stevens.