Rikicin Kurdawa da Assuriyawa a Tsaunukan Hakkari: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne ɓangarorin biyu, kuma a ina suka zauna?

Assuriyawa Kiristoci ne masu magana da wani reshe na harshen Aramiya, Kurdawa kuwa akasarinsu Musulmi ne. Sun daɗe suna maƙwabtaka a tsaunukan Hakkari, a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai hedikwata a Istanbul. A ƙarni na 19, ƙabilun Assuriyawa irin su Tiyari da Tkhuma suna riƙe da makamansu, kuma shugaban cocinsu, mai laƙabin Mar Shimun, shi ne jagoransu a addini da siyasa daga mazauninsa na Kudshanis.

Me ya haddasa faɗan?

Tushensa gwagwarmayar mulki ce. Nurullah, sarkin Kurdawa na Hakkari, yana takaddamar sarauta da ɗan'uwansa Sulaiman, Mar Shimun kuma ya goyi bayan Sulaiman. A daidai lokacin gwamnatin Istanbul tana ƙoƙarin karya sarakunan Kurdawa, kowane sarki yana zargin maƙwabcinsa da haɗa baki da baƙi. Zargin ya ƙaru da wani ɗan mishan Ba'amurke, Asahel Grant, ya gina katafaren gida a garin Ashita, wanda Kurdawa suka ɗauka sansanin yaƙi ne. Addini ya shigo daga baya, aka yi amfani da shi wajen tara mayaƙa.

Me ya faru a 1843?

Nurullah ya nemi taimakon Badar Khan, sarkin masarautar Kurdawa ta Bohtan, suka auka wa yankin Tiyari. An ƙone ƙauyuka da coci-coci, an kashe dubban mutane, an kwashe mata da yara a matsayin bayi, Mar Shimun kuma ya tsere zuwa birnin Mosul, a Iraƙi ta yau, ya fake a gidan mataimakin jakadan Birtaniya. Wannan kisan gilla ne da babu wani saɓani na sarauta da zai halatta shi, kuma gwamnan Usmaniyya na Mosul ya zuba ido bai hana ba. A 1846 Badar Khan ya maimaita irin wannan ta'asa a Tkhuma.

Yaya aka ƙare?

Birtaniya da Faransa sun matsa wa Sarkin Musulmi na Istanbul lamba, shi kuma ya sami hujjar da yake nema. A 1847 sojojinsa suka ci Badar Khan da yaƙi, aka kai shi gudun hijira tsibirin Kirit, aka rushe masarautar Bohtan, ta Hakkari ma ta biyo baya, yankin ya koma hannun gwamnonin da Istanbul ke naɗawa.